Maganar Kujerar Haihuwa da Durƙuson Matanmu

 

Yau zan shiga maganar da muka saba bar wa mata. Na san wani zai ce, me ya kai malamin allo ɗakin naƙuda? To, tawada da alƙalami ne suka kai ni. Da wuya a sami malami a ƙasar nan wanda ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare ba a ce a taimaka da rubutun naƙuda. Wanda a ke tasa domin abu, ai ya kamata ya san abin. Kuma Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar sabo da kunya ba ta hana su neman sani ba. In mata sun sami yabo a kan haka, ba na tsammanin maza za su sami yabo a kan kishiyarsa.

Abin da ya tayar da ni ga wannan rubutu ya faru ne da damina bara. Wani maƙwabcina, bafataken hatsi, ya yi mini sallama bayan an daɗe da yin lisha. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, iyali ce ba lafiya, tun la'asar ɗin jiya ta ke fama." Na ce, "Alhaji, kwana da yini ke nan fa. Mota ce babu, ko kuɗi?" Ya ce duka akwai. Ita ce ta rantse ba za ta koma asibiti ba, domin a haihuwarta ta baya an kwantar da ita rigingine bisa dogon gadon ƙarfe, aka ɗaga ƙafafunta, da ciwo ya tsananta ta nemi ta sauko ta durƙusa yadda ta saba, sai aka daka mata tsawa a gaban mutane. Na yi rubutun, na wanke, na miƙa masa, na ce, "Riƙe wannan da dama, ka riƙe makullin mota da hagu, kada ka bari alfijir ya same ta a ɗakin nan." Suka tafi. Ashe ɗan a gicciye ya ke kwance, wanda ko shekara za ta yi tana nishi ba zai fito ba. Aka yi mata aiki. Uwa ta rayu, ɗa bai zo da rai ba.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a zuciyata. Ajali dai ajali ne, ba mu ja da wannan. Amma sababin da ya tsare baiwar Allah nan a ɗaki yini da kwana, in ka bi shi har gindinsa, gardama ce a kan yadda mace za ta ajiye jikinta sa'ad da ta ke haihuwa.

Ku duba harshenmu, zai gaya muku yadda kakanninmu suka haihu. In mace ta shiga naƙuda sai mu ce tana kan gwiwa. In ta rasu wurin haihuwa sai mu ce ta rasu a kan gwiwa. Ba mu taɓa cewa tana kan gadon baya ba. Na tambayi wata gwaggona, wadda ta yi ungozomanci har ƙarfinta ya ƙare, na ce, "Gwaggo, yaya ku ke yi a zamaninku?" Ta ce, "Ɗan nan, mace kewaya ɗaki ta ke yi tana dafa bango, in ciwo ya murɗa ta tsaya, in ya lafa ta ci gaba. In abu ya kankama sai ta durƙusa ta riƙe bakin gado, ko ta rungumi turmi, ko ta ɗosana a kujera 'yar tsugunno wata ta tallafe ta ta baya." Ta ƙara da cewa sau da yawa ma ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Wannan na ƙarshe shi ne raunin al'adarmu, zan komo kansa.

To, mece ce kujerar haihuwa? 'Yar gajeriyar kujera ce, tsayinta daga ƙasa kamar taƙi ɗaya da rabi, mazauninta a lanƙwashe kamar jinjirin wata, gabanta da tsakiyarta a buɗe. Mai naƙuda ta zauna, cinyoyinta bisa gefe biyu, tafin ƙafafunta a ƙasa daram, hanyar ɗa ba abin da ya tare ta. Wata tana da mariƙi a gefe da za a damƙa lokacin nishi. Mataimakiya ta zauna a baya a jingina da ita, ungozoma kuwa ta durƙusa a gaba ta tarbi ɗa. Watau tsugunno ne da aka sa wa madogara, domin ba kowace mace ke iya daɗewa a tsugune da nauyin wata tara ba.

Kada wani ya ɗauka sabon abu ne da Turawa suka ƙago. Masu karatu sun san ƙissar Nana Maryamu a cikin surar da ta ke ɗauke da sunanta, yadda naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino, kuma Jalalaini ya bayyana cewa domin ta dogara da shi ne. Ba na cewa ayar ta zo ne domin ta koyar da yadda a ke zaman haihuwa, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Abin da na ce kawai, mai naƙuda tun fil'azal tana neman abin da za ta riƙa ta dogara. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni tubali su ke ajiye wa mace, ta taka ta tsuguna a kai, har a shekarar 2001 masu tonon kufai suka tono irin wannan tubali a Abidos, an yi masa zane, shekarunsa wajen 3,700. Attaurar da ke hannun Yahudawa ma, a wurin da ta ke ba da labarin umurnin da Fir'auna ya yi wa ungozomomi na kashe 'ya'ya maza na Bani Isra'ila, ta ambaci duwatsu biyu da mai haihuwa ta ke hawa.

A ƙarni na 2 na Miladiyya an yi wani likita Bayunane a birnin Rum, sunansa Suranus, wanda ya siffanta kujerar nan filla-filla: rami kamar jinjirin wata, mariƙi a gefe, majingini a baya, mata uku na taimako, biyu a gefe ɗaya a baya. Ya ce in ba a sami kujera ba, mai naƙuda ta zauna bisa cinyar wata mace ƙaƙƙarfa. Da na karanta wa Gwaggo wannan sai ta yi dariya ta ce ashe Bayunanen ya taɓa zuwa garinsu. A ƙasashen Musulmi kuwa, Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe babi a cikin littafinsa Attasrif domin koya wa ungozomomi abin da za su yi in ɗa ya zo ba daidai ba. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddima da ya rubuta a shekarar 779 ta Hijira, watau 1377, ya lasafta ungozomanci cikin sana'o'i masu daraja, sahu ɗaya da likitanci da rubutu. Mu da mu ke cin abinci da rubutu sai mu lura da wanda aka jera mu da shi.

Wani Baturen Ingila mai suna Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya buga littafi a kan al'adun mutanenta a 1836, ya ba da wani labari mai daɗi. Ya ce in haihuwa ta rage kwana biyu ko uku, ungozoma ta kan aika da kujerarta, wadda su ke kira kursiyyul wilada, zuwa gidan mai ciki, an lulluɓe ta da mayafi, an ɗaura furen lalle ko wardi a kusurwoyinta na sama, a ɗauko ta a gaba ungozoma tana biye. Duk unguwa ta san gidan wane an kusa sauka.

To, ina kwanciya rigingine ta samo asali? Turawa ma da kujera su ke haihuwa. Littafin ungozomomi da Roslin ya buga a Jamus a 1513 har da hoton kujerar a ciki. Abin ya fara juyawa ne sa'ad da likitoci maza suka shiga sha'anin haihuwa. A 1668 wani likitan birnin Faris mai suna Moriso ya buga littafi ya fifita a karɓi haihuwa a gado. Daga baya aka sami ƙarfen da a ke kama kan ɗa da shi a jawo, aka sami maganin sa barci, waɗannan kuwa duka sai mace tana kwance a ke iya aiki da su. Da aka gina asibitoci a ƙasashenmu sai aka kawo mana ilmin tare da gadon, muka ɗauka abu ɗaya ne. A yi adalci: gado yana da ranarsa. In za a duba mace, ko a yi mata ɗinki, ko a jawo ɗa, ko ta galabaita, ba abin da ya kai shi. Kuskuren shi ne mai da shi farilla a kan kowa.

Ga abin da likitocin zamanin nan suka tabbatar. A cikin cikin mutum, jikin gadon baya, akwai manyan jijiyoyin jini guda biyu, ɗaya tana kai jini ƙasan jiki, ɗaya tana komo da shi zuciya. In mai tsohon ciki ta kwanta rigingine ɗaiɗai, nauyin mahaifa da ɗa da ruwa duk sai ya danne su, jinin da ke zuwa wa ɗa ya ragu, ita kuma ta ji jiri. Shi ya sa ko a wurin awo a ke ce wa mata su riƙa kwanciya ta gefe. Na biyu, ƙasusuwan ƙugu ba ƙarfe ba ne, suna da gaɓoɓi masu ɗan saki, kuma a tsugune ko a durƙushe mafitar ta fi buɗewa, ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya ya sami damar ja da baya. Na uku kuwa kowane ɗan dako ya san shi, gangara ta fi hawa sauƙi ga mai kaya.

Akwai wata ƙungiyar masana da a ke kira Cochrane, aikinsu su tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam dabam su auna su wuri ɗaya. A 2013 suka duba gwaje-gwaje 25, mata fiye da 5,000, suka ga wadda ta ke tafiya ko zama ko tsayuwa a farkon naƙuda, naƙudarta ta fi ta wadda ke kwance gajarta da kimanin awa 1 da minti 20. A 2017 kuma suka duba lokacin nishi kansa, mata wajen 9,000 waɗanda ba a yi musu allurar baya mai kashe zafi ba. A nan ragin lokaci kaɗan ne, 'yan mintoci. Amma jawo ɗa da ƙarfe ya ragu da kimanin kashi 1 cikin 4, haka kuma ƙarin da ungozoma ta ke yi wa mace da almakashi ya ragu da misalin haka. Su da kansu sun ce waɗansu gwaje-gwajen ba su da ƙarfi, sabo da haka kada mu fi su zaƙewa. Bisa irin waɗannan hujjoji Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2018, cewa macen da cikinta ba shi da matsala a ƙarfafa ta ta yi motsi lokacin naƙuda, kuma a bar ta ta zaɓi yadda za ta haihu, ko a zaune, ko a durƙushe, ko a tsugune, ko a kwance. Ashe abin da matar maƙwabcina ta roƙa aka daka mata tsawa, shi ne abin da manyan likitocin duniya suka rubuta.

Amma fatake sun san mai tallar da ya ɓoye aibin hajarsa ba ya daɗewa a kasuwa, to ga aibin wannan. Binciken nan na 2017 ya nuna matan da suka haihu a miƙe sun fi yawan zubar da jinin da ya haura rabin lita. A ƙasar Suwidin an gwada kujerar kanta a kan mata 1,002 masu haihuwar fari, aka buga sakamakon a 2011: ba ta rage jawo ɗa da ƙarfe ba a wurinsu, kuma waɗanda suka zubar da jini tsakanin rabin lita da lita ɗaya sun fi yawa, ko da ya ke waɗanda suka wuce lita ɗaya ba su ƙaru ba. Waɗansu masana sun ce wani sashe na wannan bambanci ganin ido ne, domin jinin mai zama a tasa ya ke zuba a auna shi, na mai kwanciya kuwa zannuwa ke shanyewa. Ko ma yaya ne, Basuwidiya mai ƙoshi in ta rasa rabin lita ba ta ji ba. Matanmu da yawa suna shiga naƙuda da ƙarancin jini, ga zazzaɓin sauro, ga haihuwa kusa kusa. Abin da ya ke ɗigo a wurin wata, a wurin tamu kwalfewa ne. Har wa yau, daɗewa bisa kujerar ya kan sa gaban mace ya kumbura, sabo da haka ungozomomi su kan ce a riƙa tashi a taka tsakanin ciwo da ciwo, kada a dasa mace a kai tun faya ba ta fashe ba.

Kuma akwai waɗanda kujera ba tasu ba ce sam: mai hawan jini ko wadda ta fara jijjiga, mai zubar jini tun ɗa bai fito ba, wadda ɗanta ya zo da ƙafa ko a gicciye, wadda ta galabaita har ba ta iya riƙe kanta. Mai tagwaye da wadda aka taɓa yi wa aiki, hukuncinsu yana hannun likita. Tambaya ita ce, wa zai gane wannan daga waccan? Gwaggo da kanta ta ce mini akwai ɗan da ta ke shafa ciki ta rantse kansa na ƙasa, sai ga ƙafa.

A nan ne na ke jin tsoron a juya mini magana. Kada wani ya karanta rabin wannan shafi ya shiga gida ya ce, "Kun ji, Malam ya ce durƙuson gida ya fi." Ban ce ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a Nijeriya haihuwa 39 cikin 100 a ke yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa 16 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 mata 287,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 82,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, watau fiye da rubu'i. Tun tuni Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar matan da ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci, su ne ke mutuwa ninkin ba ninkin. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa da yoyon fitsari ta ke tashi, domin kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu. Wanda ya taɓa zuwa Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan matan da ke jiran ɗinki, ba sai an yi masa wa'azi ba. Yankan gishiri da a ke yi da aska wai don a buɗe hanya, shi ma yana cikin masu jawo wannan cuta, ba ya kuwa matsar da ɗan da ya gicciye ko da faɗin yatsa.

Jinin da mu ke tsoro yana da magani, allura ce a ke yi da zarar ɗa ya faɗo, mahaifa ta tsuke, akwai kuma ƙwayoyi masu irin wannan aiki. Turmi ba ya yin wannan allura, kujera ma ba ta yi. Sabo da haka abin da na ke kira gare shi, a ɗauki durƙuson Gwaggo a kai shi inda allurar ta ke.

'Yan'uwana malamai, mu kan ce wadda ta rasu a kan gwiwa ta yi shahada, kuma gaskiya ne, hadisi ya zo da haka a Muwaɗɗa. Amma hadisin nan ɗaya shi ya lasafta wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya faɗa wa. Ban taɓa ganin malamin da ya tsaya a bakin kogi yana kallon ɗansa na nitsewa ya ce a bar shi ya sami daraja ba. In an zo neman rubutu, mu yi, sa'an nan mu yi tambaya uku: tun yaushe ta fara, akwai jini, ta yi awo? Naƙudar da ta haura awa 12, ko jini, ko jijjiga, ko ganin hannu ko cibiya sun riga kai fitowa, wannan ba a jira gari ya waye. Wanda ya ce yana ƙyamar likita namiji, a tuna masa malaman fiƙihu sun halatta wannan in lalura ta kama.

Ku kuma fatake, rabin shekara kuna hanya. Mace nawa ce ta zauna da ciwo tana jiran izinin mijin da ke Legas ko Agadas wayarsa a kashe? Ka bar izininka a gida kafin ka ɗaura kaya, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, ka ajiye kuɗin mota dabam. Kuma ka sa iyalinka ta yi tambaya tun a wurin awo, cikin ladabi, ko za a bar ta ta durƙusa ko ta zauna in lokaci ya yi. Ungozomomin asibiti da yawa aiki ne ya yi musu yawa, mace ɗaya a kan masu naƙuda biyar, kuma a gado aka koya musu karɓar haihuwa. Maganar da aka yi da rana cikin natsuwa ta fi wadda za a yi da dare cikin kururuwa shiga kunne. Ko babu kujera, mace tana iya durƙusawa bisa gadon asibitin ta rungumi wajen kai, ko ta kwanta ta gefe, duka sun fi rigingine ɗaiɗai.

Maƙwabcin nan nawa, da iyalinsa ta sake samun ciki bana, shi da kansa ya raka ta awo ya nemi ganin babbar ungozomar ƙaramin asibitin unguwarmu. Ta saurare shi, ta ce tun da an taɓa yi wa matarsa aiki, wannan karon a babban asibiti za ta haihu, kuma likita ne zai faɗi yadda za a yi. Amma ta ce in yana son lada, akwai waɗansu matan da kujera za ta amfana. Ya sa kafinta ya yi guda ɗaya, ta mayar da ita, ta ce ɗanyen katako yana shan jini, ba ya wankuwa, abin da ba ya wankuwa kuwa cuta zai ɗauka daga wannan mace ya kai wa waccan. Aka sake wata, aka goge ta sumul ba tsaga, aka shafe ta da fenti mai ƙyalli wanda ruwan magani ba ya ci, aka rage mata tsayi da yatsa uku bisa umurninta. Wannan ta karɓa. Ita kuwa matar Alhaji watanta Rajab ne, Allah ya raba lafiya.